Sirdin Keken Malam Arzika

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ringim, gwiwar Malam Arzika ta ce ta gaji. Shekara goma sha bakwai yana gangarowa daga Garu zuwa Yalwawa a ƙafa, ya ba da karatu, ya ja azahar da la'asar, sannan ya koma gida. Yanzu kuwa sai ya zauna sau uku a hanya. Ƙaninsa mai aiki a tashar jirgi ya tausaya masa, ya aiko masa da keke.

Malam ya sha ƙasa kafin ya iya hawa, sarƙa kuma ta cinye masa bakin riguna biyu. Sai ya kai keken wurin amininsa Barau baduku. Barau ya ɗinka wa sarƙar kube na fata, ya rataya jakar littattafai a gaba, ya sa maƙeri ya ƙera ƙugiyar rataya buta. Keke ya fito fes, Malam har waiwayensa yake yi in ya jingine shi.

Amma bakin mutane bai da ƙofa. Wani da ko Kano bai taɓa zuwa ba ya rantse cewa Nasara da fatar alade suke yin sirdin keke. Ran Talata Malam ya tayar da salla, da ya sallame ya ga mutum huɗu kacal a bayansa. Baba Sale, dattijon unguwar, ya ja sauran jama'a salla a gindin dabino.

"Malam, ba ƙin ka muke ba," in ji Baba Sale. "Amma rigar da ta zauna kan wannan abu, ba ma bin ta salla."

Abin ya yi wa Malam ciwo ƙwarai. In ya bar keken, ƙafa ba za ta kawo shi ba. In ya riƙe shi, ba mai bin sa.

Washegari ya zo da Barau. Baduku ya kwance sirdin a gaban jama'a, ya sansana, ya murza, ya kifa shi yana duban cikinsa a rana. Can sai ya fashe da dariya.

"Baba, ku da kuka yi kiwo, ku duba mana nan."

Baba Sale ya karɓa da gefen mayafinsa, kamar an miƙa masa garwashi. A fatar akwai tabo uku a jere, dogaye, sun warke tun dabbar na da rai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya saki mayafin ya shafa da yatsa.

"Lalas ne," ya ce a hankali. "Haka Fulaninmu ke yi wa sa da ƙarfe mai zafi in ciwon kafaɗa ya kama shi."

"To wa ya taɓa yi wa alade lalas?" in ji Barau. "Ƙirgin da muke sayar wa Nasara ne, ya je ya ga duniya ya dawo."

Dariya ta ɓarke, har da mai rantsuwar nan. Malam dai bai yi ba, hawaye ne suka cika masa ido.

Baba Sale ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙa wa Barau sirdin.

"Mayar masa da abinsa. Malam, lokaci ya yi, a shiga gaba."