Akwatuna Biyu na Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, yana kuma tsintar kalmomin Turanci da suka mutu, waɗanda ko masu harshen sun daina faɗa. In ya ci karo da ɗaya a tsohon littafi sai ya rubuta ta a 'yar takarda ya jefa a kwalin takalmi, ma'anarta da Hausa kuma a wata takardar, a wani kwalin. Ba lamba, ba alama. Ta farko a nan ita ce ta farko a can. Wai da haka yake gwada ƙwaƙwalwarsa. Inna kan ce maƙabarta ya buɗe musu a ƙarƙashin gado.

Da ɓarin jikinsa ya shanye aka kwantar da shi asibiti, Auta ta rasa abin da za ta yi masa, ga so kamar ya fasa mata ƙirji. Sai ta kwashe kwana uku tana jera masa kalmomin bisa haruffa, don ya dawo ya yi murna. Sai da ta ɗaga murfin kwali na biyu ta gane ɓarnar da ta yi. Ma'anoni dubu huɗu na nan a tsohon jerinsu, kowace ta rabu da kalmarta.

Yayanta ya yi dariya, ya ce garin gyaran gira ta tsone ido, ta duba a waya mana. Ta duba. Wasu kalmomin wayar ma ba ta san su ba. Waɗanda ta sani kuwa, a kan baƙin ciki kaɗai Baba yana da takarda goma sha ɗaya: na wanda aka bari a tasha daban, na wayewar gari ba dalili daban. Wace ta wace?

Aka sallamo Baba ba baki. Kullum da hantsi takan zauna gefen katifarsa ta nuna masa takardu biyu. In ya gyaɗa kai, ta haɗe su da allura. Cikin mako guda ta haɗa arba'in, har hankalinta ya kwanta ta fara cin abinci.

Ran nan wani abu ya ɗarsu a ranta. Ta ɗauki kalmar welkin, wadda ta tabbata ma'anarta sararin sama ce, da gangan ta haɗa ta da takardar da ke cewa "aikin da ke karya ƙugu".

"Baba, wannan fa? Daidai ne?"

Ya dubi fuskarta, bai dubi takardun ba. Ya gyaɗa kai, gefen bakinsa mai motsi yana ƙoƙarin murmushi.

"Baba, in bari haka nan?"

Ya gyaɗa.

"Ko in ci gaba?"

Ya sake gyaɗawa.

Ta goge masa yawun da ya zubo da gefen mayafinta, ta juya masa baya don kada ya ga idonta, ta shiga zare alluran nan arba'in ɗaya bayan ɗaya.