Sifana Biyu da Jan Biro

Wata shida 'yar bakanike ta yi tana ajiye wasiƙun Malam ƙarƙashin matashin kanta. Shi ke koyar da lissafi a ajin ƙanwarta Auta, kuma yau ne zai fara zuwa gareji ya gaida babansu. Addu'arta ɗaya: Baba ya yarda da shi.

Ya iso da farar riga, jan biro a aljihu, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Da Baba ya miƙa masa hannu, kan yatsu kawai ya taɓa, sannan ya goge da hankici. Ta gani, ta haɗiye.

Auta na zaune kan tsohuwar taya da littafinta, ido ya yi ja.

"Baba, shi ne ya ba ni sifili! Na ce uku bisa huɗu ya fi biyar bisa takwas, ya soke."

Malam ya yi dariya ta hanci. "Yarinya, biyar ta fi uku, takwas ta fi huɗu. Sai dai ban ga laifinki ba, wanda ya tashi cikin baƙin mai ina zai san wannan?"

Baba ya sunkuya. Ya jawo akwatin kayan aiki, ya zaro sifana biyu, kowacce da lambarta a jiki, ya nuna wani noti a jikin inji.

"Malam, wannan notin na uku bisa huɗu ne. Ga taka babbar, mai biyar bisa takwas. Bismillah, kwance mana."

Malam ya ɗora, bakin sifanar ya ƙi shiga. Ya juya, ya danna, ya yi gumi, har mai ya ɗiga a farar rigar. Baba ya ɗora ɗayar, ta zauna daram.

"Raba inci gida takwas," in ji Baba. "Tawa ta ci shida, taka biyar."

Yayar Auta ta ƙura wa Malam ido. Ka ce ka yi kuskure, ta roƙe shi a ranta, ka faɗa kawai, wallahi sai na ƙara sonka.

Malam ya jefar da sifanar. "Ƙarfe daban, ilimi daban. Ba a gareji za a gyara mini maki ba."

Sai ta dube shi sosai. Ashe wuyansa siriri ne haka? Ashe muryar da ta hana ta barci ƙarar gwangwani ce? Ta zare jan biron daga aljihunsa, ta soke sifilin, ta ba Auta makinta, ta mayar masa da bironsa.

"Haba, masoyiyata..."

"Malam, bi a hankali, akwai mai a ƙasa. Wasiƙunka kuwa Baba na neman abin goge hannu."

Auta ta tuntsire da dariya. Baba ya koma ƙarƙashin mota.