Zaitun a Tudun Aduwa

Malam Ubale ya ɗaga zanar da ya kewaye dashensa da ita ya leƙa. Ganyen zaitun ɗin ya ƙara yin rawaya, wasu ma sun zube a kan taɓon da ke gindinsa.

"A'i! Miƙo mini bokitin nan."

"Wai ruwa kuma?" in ji matarsa daga bakin murhu. "Malam, itacen nan ko kada ne ai ya ƙoshi."

"Ke dai miƙo."

Duk Gagarawa an san lambun da ke bayan gidan Ubale. Tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana ɗaukar hatsi da dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, kuma duk inda ya ga dashen itace sai ya taho da shi. Da ya ajiye tuƙi, lambun ya zama aikinsa. 'Yarsa Nana Firdausi ce, tun tana sakandare, ta riƙa gaya masa asalin kowanne: mangwaro da darbejiya daga wajen Indiya, gwaiba da yazawa daga Kudancin Amurka, itacen turare daga Ostireliya. Kuka da tsamiya da gawo kuwa 'yan gida ne. Tun daga nan in ya yi baƙo sai ya zagaya da shi yana gabatar masa da su kamar surukai. Turai kaɗai ce ba ta da wakili.

Sai Firdausi ta tafi karatun likita a Saifurus, wani tsibiri a tekun Bahar Rum. Da ta zo hutu ta kawo masa ɗan dashen zaitun, bai fi kamu guda ba.

"Baba, ga ɗan Turai. Ka riƙe mini shi har in gama karatu. So nake in dawo in tarar ya fi ni tsawo."

"Amana ce," in ji shi, ya karɓa da hannu biyu.

Yadda ake karɓar babban baƙo haka ya karɓe shi, wato da inuwa da ruwa. Ya dasa shi a gindin mangwaro, daidai inda ruwan rijiya ke kwanciya. Ya jibge masa takin awaki, ya kewaye shi da zana, ya rufe samansa don kada rana ta taɓa shi. Ruwa safe da yamma, ragowar na alwala ma nan yake juyewa. Amma ga shi baƙon kullum ramewa yake.

Yana cikin zuba ruwan sai ga Ɗanjuma, taubashinsa, ya leƙo ta kan danga.

"Sannu mai jinya. Yaya jikin Baturen?"

"Da sauƙi, tun da bai ga fuskarka ba."

"Da ni ne kai, da na saya masa fanka. Ko ka gwada ba shi shayi da burodi?"

"Wuce ka ba ni wuri, wanda ko zogale bai taɓa rayuwa a hannunsa ba."

Ɗanjuma ya tafi yana ƙyaƙyata dariya. Ubale kuwa bai yi dariya ba. Ranar Juma'a ce, kuma kowace Juma'a bayan masallaci Firdausi takan kira su ta bidiyo. Makonni ke nan yana yi mata dabara. In ta ce a nuna mata zaitun, sai ya haska mata zanar daga nesa ya ce baƙo yana hutawa, ko ya ce cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Wayar ta yi ƙara suna zaune a tsakar gida. Aka gaisa, aka tambayi karatu, aka tambayi 'yan uwa.

"Baba, ina amanata?"

"Lafiya lau. Kin san sabis ɗin nan namu, in na je bayan gida ɗaukewa yake."

A'i ta matso. Ta miƙa hannu ta zare wayar, ta nufi lambu. Ubale ya bi ta da sauri, takalmi ƙafa ɗaya.

"A'i! Ke A'i!"

Kafin ya iso ta yaye zanar, ta kara wayar a kan itacen.

Ubale ya sunkuyar da kai.

"Wallahi Nana ban taɓa barinsa da ƙishi ba," ya ce a hankali. "Rana ma ba ta san da shi ba. Abin da ban yi wa mangwaro ba na yi masa."

"Inna, matso da wayar ƙasa," in ji Firdausi. "Wancan taɓo ne? Kai, Baba! Ku tsaya, kada ku kashe."

Suka ga hoton yana rawa, ga matakala, ga ƙofa, ga titi. Ta zagaya bayan gidan da take haya, sannan ta juya wayar. Wani tudu ne fari fat, duk tsakuwa da duwatsu, ciyawar ta bushe ƙarau, rana tana dukansa. A kansa itatuwa ne jere, gajeru, masu murɗaɗɗen jiki da ganye ruwan toka.

"Ka gan su? 'Yan uwansa ke nan. Tunda na dawo daga hutu ban ga ɗigon ruwan sama ba, kuma ba wanda ke bi ta kansu da bokiti. Kullum ina wuce su, amma ban kawo a raina in gaya maka ba."

Ubale ya karɓi wayar ya ƙura ido.

"To ina sanyin Turan? Ina ƙanƙarar?"

"Wannan can arewacin Turai ne, Baba. Nan sanyi da ruwa tare suke zuwa, su wuce, sai rana."

"Ikon Allah," in ji shi. "Ai wannan tudun aduwa ne."

A ƙarshen gonarsa akwai wani tudu na rairayi da marmara. Ko gero ba ya yi a wurin, sai wata tsohuwar aduwa da tumfafiya. Washegari da sassafe ya haƙo zaitun ɗin. Saiwarsa ta yi baƙi tana wari, kaɗan ce ta rage fara. Ya yanke ruɓaɓɓiyar, ya rungume shi a ƙirji ya hau tudun, ya dasa shi a fili nesa da inuwar aduwar. Ya kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki, ya ba shi ruwa sau ɗaya. Firdausi ta tambayo mai gidan hayarta, ya ce kada a ƙara sai ƙasar ta bushe har ciki.

Nan fa aikin yake. Kafin la'asar labari ya kai majalisa.

"Jama'a, Ubale ya kori baƙonsa daji," in ji Ɗanjuma. "Daga ɗakin alfarma zuwa maƙwabtaka da tumfafiya. Gobe in kun je gidansa ku tafi da ruwanku."

Ubale ya shanye. Abin da ya kasa shanyewa shi ne tsakar rana, lokacin da ƙasa ke ƙuna, ya tuna ɗan itacen yana can shi kaɗai. A'i ta ɓoye bokiti a ɗakinta. Wata rana ta tare shi a zaure yana saɗaɗawa, babbar rigarsa ta yi tudu a gefe.

"Malam, mene ne a cikin rigar?"

"Gona zan leƙa."

"Gonar ce za ta yi alwala?"

Ya zaro butar ya miƙa mata, kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.

"Ba zan iya ba, A'i. Ya za a yi a ce ina da rijiya, baƙona yana rana?"

"Ka ga garinsu da idonka. Ko so kake yarinyar nan ta dawo ta tarar da ƙirare?"

Ya koma ya zauna.

Bayan 'yan kwanaki sauran ganyen ma ya zube, itacen ya zama tsinke. Ubale ya daina zuwa majalisa. Kullum sai ya hau tudun, ya tura yatsa cikin rairayi. In ya ji danshi ya juyo hannu wofi, in ya ji bushewa ya zuba kwano ɗaya. Wata safiya ya yanke shawarar kiran Firdausi ya gaya mata amana ta salwanta. Ya tsugunna don ya yi masa kallon ƙarshe, ya ɗan kankare ɓawon da farce.

Kore ne a ciki.

Ya matso da fuska. Can ƙasa kusa da gindi, wasu 'yan tofo ne biyu, ƙanana kamar kunnen ɓera, bayansu fari-fari. Bai jira Juma'a ba. Nan take ya danna kira.

"Nana, duba! Duba nan!"

Ta yi ihu har wata a ɗakinta ta tambaye ta lafiya. Da ta natsu ta ce, "Amma Baba, mai gidanmu ya ce ba lallai ya yi 'ya'ya a wurinku ba. Wai sai ya sha sanyi sosai yake fure."

"Tsawo kika ce, ba 'ya'ya ba. Tsawo kuwa zai yi, da yardar Allah." Ya kalli fuskarta a wayar. "Ke fa? Na ga kin rame. Me suke ba ki a can?"

"Taliya da zaitun," ta ce tana dariya. "Kukar da Inna ta ba ni ta ƙare tuntuni."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

Ya sauko daga tudun da sauri. A bakin danga ya ci karo da Ɗanjuma.

"Yaya, an yi jana'izar Baturen?"

"Ya tashi, har yana tambayarka. Zo ka riƙe mini tsani, kuka zan hau."