Kafiretar da Baba Kunne Ya Ƙi Taɓawa

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin makanikai. Baba Kunne kowa ya sani, kuma ba don girman kunnuwan ba, ko da yake su ma ba baya ba ne. Babur na karyo kwana daga bakin titi zai ɗaga kai ya ce wannan iska ta yi masa yawa, ko wancan mai yake sha ba gaira ba dalili, kuma in aka buɗe haka za a tarar. Da kunnen nan ya ciyar da gida, da shi ya aurar da 'ya'ya.

To, kunnen ne ya fara juya masa baya, kuma bai gaya wa kowa ba. Ya koma dafa tanki da tafin hannu yana karkatar da kai kamar mai sauraro, alhali abin da yake ji bai wuce wani shuu ba. Aiki ya fara dawo masa, shi da ba a taɓa dawo wa da aiki ba. 'Ya'yansa maza kuwa kowa ya kama gabansa, wannan ofis, wancan kasuwa, babu mai son baƙin mai a farcensa. Ya san ranar da layin ya gane, rumfarsa ta rufu ke nan, kuma ba shi da wanda zai miƙa wa mabuɗi. Abin yana cinsa ƙwarai.

Ana cikin haka Tela, maƙwabcinsa, ya zo da hantsi ya ce ya gaji da ɗaukar ɗinki a kafaɗa, ya ji labarin wani babur na hannu, yana so Baba ya raka shi ya duba masa. Tela mutum ne da bai san gaban inji da bayansa ba, amma ya iya ba da shawara a kan komai. Tun a hanya ya yanke hukunci cewa da an saya za a kwance kafireta, mahaɗar mai da iska, a wanke, a ƙara masa wuta, domin haka ya ji ana yi wa duk babur na hannu.

Mai babur ɗin mai gidan burodi ne, ya sayi ƙaramar mota ya rasa inda zai ajiye tsohon abokin wahalarsa. Da aka turo shi daga bayan buhunan fulawa sai da Tela ya ja da baya. Fenti ya koɗe, kujera ta sha faci, madubi ɗaya ne, shi ma an ɗaure shi da roba. Baba Kunne bai kula da wannan ba. Ya taɓa injin ya ji shi da sanyi, don masu sayarwa sun iya ɗumama babur kafin mai saye ya iso. Ya leƙa salansa, ya jijjiga tayar baya, sannan ya taka.

Taku ɗaya ya tashi. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan tanki don ya yi wasan kwaikwayon da ya saba, sai ya kasa ɗauke hannun. Injin na bugawa a hankali, ƙasa-ƙasa, a wurin da ya kamata a ce ya mutu, amma bai mutu ba, bai yi tuntuɓe ba, bugu na bin bugu kamar numfashin jariri mai barci. Ya murɗa totur ya saki, injin ya hau ya sauko ya zauna daidai inda ya baro. Ya kwance fulogi ya duba, launinsa ruwan ƙasa mai haske, ba baƙi ba, ba fari ba. A tsawon rayuwarsa ta gyara, ko sa'ad da kunnensa ke kunne, bai taɓa zaunar da tsohon inji haka ba.

Ya ce wa Tela ya saya, kada ma ya tsaya jan magana.

Da suka dawo rumfa Tela ya kafe sai an buɗe kafiretar. Baba Kunne bai yi masa gardama ba, don shi ma ƙaiƙayin ganin cikinta yake ji. Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta, abin da bai cika yi ba, ya sauke ta ya buɗe.

Ciki fes, ko ƙwayar yashi babu. Takardar da ke hana mai yoyo ba ta kanti ba ce, da almakashi aka yanka ta, amma ta zauna kamar da ita aka ƙera ƙarfen. Allurar da ke auna mai ta cinye saboda tsufa, wadda da shi ne, da ya jefar ya ce a sayo sabuwa. Wanda ya yi aikin bai jefar ba. Ya yanko wani ɗan zobe daga murfin gwangwani, sirantarsa kamar ɓawon albasa, ya sauya wa allurar mazauni da shi, ta yadda cinyewar ta daina zama aibu. Baba Kunne ya ɗaga abin a haske yana juyawa, baki buɗe. Bai taɓa ganin dabarar ba, bai taɓa jin labarinta ba, kuma da ya gan ta ya gane daidai ce. Ya ji kansa ƙarami a cikin rumfarsa, kuma abin mamaki, jin ya yi masa daɗi.

Sai idonsa ya kai kan robar mai. An ɗaure bakinta da wayar tagulla, an lanƙwasa jelar wayar ciki don kada ta yanki yatsan wanda zai zo daga baya. Wannan ɗaurinsa ne, ba wanda ke yin sa a layin sai shi. Amma murɗin ya tafi ta hagu. A duniya bahago ɗaya ya taɓa zama a gefensa yana kallon yadda yake murɗa waya, kuma ba namiji ba ne. Autarsa ce, wadda a da take kawo masa abinci ta ƙi komawa gida, har ranar da ta fara zama budurwa ya ce ya isa haka, rumfa ba wurin mace ba ce.

Ya mayar da komai yadda ya same shi. Tela ya tambaya yaushe za a ƙara wutar.

"Ba za a ƙara ba," in ji tsohon. "Ka riƙa canza baƙin mai a kan lokaci, ka wanke soson iska, ka guji man bakin hanya. Wannan kuwa kada ka bar kowa ya sa mata hannu. Har ni."

Tela ya buɗe baki zai kawo shawara, ya ga fuskar dattijon, ya rufe.

Baba Kunne ya koma gidan burodi ya tambayi wanda ke yi wa babur ɗin aiki. Mutumin ya yi dariya ya ce ai ba wanda ba ne, wadda ce. Matar mai kantin kayan gini, Maman 'Yan Biyu, a bayan gidanta take yi, masu kai burodi duk can suke zuwa, kuma ba ta karɓar aiki sai yara sun tafi makaranta. Tsohon ya yi godiya. Bai ce masa ya san gidan ba, bai ce jikokinsa ne 'yan biyun ba.

Ya sha zuwa gidan, amma kullum a falo ake sauke shi, a kawo ruwa, a kawo jikoki. Yau ya bi ta lungu ya tura ƙofar baya. Ga shanya a kan igiya, ga tukunya a kan wuta, ga wani babur a tsaye yana aiki. Auta na tsugunne a gefensa, tsohuwar rigar mijinta a jikinta, sukundireba a hannun hagu. Idanunta a rufe, kanta a karkace. Ya tsaya yana kallon karkatar kan nan, nasa ne sak, kawai dai nata na gaske ne. Ta juya sukurun iska ɗan kaɗan, ta jira, ta mayar da rabin abin da ta juya. Bai ji canjin ba. A fuskarta ya gan shi.

Da ta buɗe ido ta gan shi, ta miƙe da sauri tana ɓoye hannun a bayanta, ita da 'ya'yanta har sun shiga makaranta. Ta fara gaishe shi tana haɗa kalmomi, tana cewa taimaka wa wani kawai take yi. Ya ɗaga mata hannu. Ya ce ya ga zoben gwangwanin, ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu kowa, wata rana ce mai babur ba shi da halin sabuwar allura, ita kuma ta ƙi yarda ya tafi da shi a ture.

Ya nemi wuri a kan wani bokiti da aka kife ya zauna. Maganar da ya ɓoye wa layi, ya ɓoye wa matarsa, ta fito da kanta.

"Auta, kunnen ya tafi."

Ba ta yi salati ba, ba ta ce ayya ba. Ta dube shi ta ce, "Na sani, Baba. In na gaishe ka ta hagu ba ka amsawa."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta koma gefen babur ɗin, ta murɗe sukurun da gangan har injin ya fara tari, sannan ta kamo hannun mahaifinta ta damƙa masa sukundireban. Ta ce shi ya juya, ita ta saurara, domin hannunta bai kai nasa taushi ba har yanzu. Ya san ƙarya take yi don ta rufa masa asiri, ya kuma karɓa. Ya juya a hankali, ita ido a rufe tana ce masa ƙara, ƙara kaɗan, koma. Ɗaya tafin nasa na kan tanki. Ya ji tarin ya ragu, ya ji bugun yana daidaita, har ya zauna a wurin nan da ya ji da safe, a daidai lokacin da ta ce, "Tsaya nan."

Injin na ta aikinsa. Hawaye ya zubo wa tsohon, bai share ba, don hannayensa duka biyu suna kan aiki. Auta ta kashe babur ɗin, ta je ta sauke tukunyar da ta fara ƙauri, ta dawo ta tsaya ta damansa, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, da wane lokaci kake buɗe rumfar?"

Ya ce da hantsi. Ta ce to ya jira ta gobe in ta kai yara, kuma ya sa a share wurin kafin ta zo, don ita ba ta buɗe kafireta a cikin datti.