Injin da Labaran Ya Aiko

Wata bakwai injin waldan nan ya yi a cikin akwatinsa, ko ƙusa ɗaya ban zare ba. Labaran ne ya aiko da shi daga Legas, abokin sana'ata, wanda muka shekara goma sha ɗaya muna walda a shago ɗaya nan Zongo. Tsohon injinmu ya ƙone, shi ya sa ya tafi nemo wani. Ya ce wa direban da ya kawo shi ya gaya mini kada in taɓa, yana tafe nan da mako biyu mu haɗa tare. Kafin mako biyun su cika aka rufe iyakar Najeriya, shi yana can, ni ina wannan tsallaken. Shi ke nan, daga ni sai akwati.

Ran wata Laraba Hajiya Karimatou, mai gidan da shagon yake jikinsa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Wada, delegen unguwa, wakilin hukuma, ya sake zuwa. Wai gwamnatin juyin juya hali ba ta son shagon da ba a aiki. Ko a ga aiki, ko a ba wani kamarad, ɗan jam'iyyarsu, tela daga unguwar Missèbo. Ga ƙyauren gidana ya ɓalle. Ka gyara kafin Juma'a, in ba haka ba ka kwashe komatsanka."

Tela! A shagonmu! Na ji kamar in yi ashar, na dai haɗiye. In na bari aka karɓe wurin nan, ranar da Labaran ya dawo da wane ido zan dube shi?

Washegari na fasa akwatin. Ba irin mai aiki da sandar walda ba ne, wannan mai turo waya ne da kansa, kuma sai da gas. Mun taɓa aiki da irinsa a wata ma'aikatar jikin motoci, don haka ba baƙona ba ne. Na ɗora shi kan katako busasshe, don ƙasan Zongo ko da rani danshi gare shi. Tukunyar gas ɗin da ta zo tare da shi na ɗaure ta da sarƙa a bango, kada ta faɗi. Na shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, na zuba ido, babu kumfa. Na shigo da ƙyauren Hajiya, na kankare shi har ƙarfe ya yi fari kafin in maƙala masa wayar ƙasa. Da zan zura waya ta fito ta bakin bindigar walda, na juya shi can gefe, ba wajen fuskata ba. Duk abin da na yi sai in ce, "Ka gani?" Sai kuma in tuna ni kaɗai ne. Wallahi abin ya ci mini rai.

Na sa garkuwar fuska na fara. Haba! Ɗinkin waldar ya fito duk huji-huji kamar gara ta ci. Na san dalili. Iskar teku ce ke shigowa ta ƙofa tana kwashe gas ɗin kafin ya rufe narkakken ƙarfe. A ma'aikatar can, in ɗayanmu yana walda, ɗayan ke tsayawa riƙe da tabarma yana tare iska, ƙofa kuma a buɗe. Aikin mutum biyu ne. Na leƙa waje. Masu shayi suna ta hira, amma duk cikinsu babu wanda zan ce wa zo riƙe mini tabarma ba tare da na fara dogon bayani ba. Sai na ja ƙofa na rufe, na rufe taga.

Wauta ce, kuma na sani tun ina yi. Ɗinki ya yi kyau sumul, hayaƙin tsohon fenti da gas kuma suka cika ɗakin. Kaina ya fara sarawa, na ce bari in ƙarasa layin nan. Ban san sanda na faɗi ba. Allah Ya sa ta wajen ƙofa na zube, na tura ta da ƙafa, na kwanta ina jan iska kamar kifi a kan tudu. Na ji kiran azahar a kwance, na ji na la'asar. Babu wanda ya leƙo.

Da na iya tashi, na kafa sanduna biyu na ɗaure tabarma a tsakaninsu, na bar ƙofa da taga a buɗe, na ƙarasa.

Ran Juma'a Hajiya ta zo ta shafa ɗinkin da yatsa, ta jijjiga ƙyauren.

"Shago ya tsira, Malam Wada."

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Yanzu ko gobe Labaran ya iso, zai tarar da wurinsa."

Ta gyara mayafi.

"Delege bai zo ba, ni na ƙaga maganar don ka buɗe akwatin nan. Labaran ya yi aure a Agege, can Legas, ya buɗe shagonsa tun kafin azumi. Idrissou direba ne ya kawo labari. Kowa a Zongo ya sani, an rasa mai gaya maka ne."

Na ce mata na gode. Na koma ciki na rufe kan tukunyar gas, na zare wuta, na naɗe tiyo. Sannan na zauna kan akwatin da babu komai a ciki, na yi kuka kamar ba dattijo ba.