Kwalbar da Dakta Ya Ɓoye

Wata takwas kwalbar nan tana can ƙuryar firiza, kuma Dakta ya san inda take sarai. Ai shi ya tura ta da hannunsa, ya jera akwatuna a gabanta kamar mai ɓoye wa yara sukari.

Shekara huɗu ke nan yana bin wani kolajin, furotin da ke manne wa dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa. Sai ya yanko ƙwaƙwalwa siriri, ya ɗora a gilashi, ya ɗiga antibodi, ruwan da ke kama kolajin ɗin ya rina shi ruwan ƙasa. Kuma yana rinuwa, tubarkalla! Taro uku ya kai hotunan, aka yi ta tafa masa. Matarsa ce kawai ta ce kamar tsatsa, ya kwana biyu yana kumbure-kumbure.

Abin da ke cikin kwalbar kuwa feftayid ne, ɗan gutsuren kolajin ɗin. In an gauraya shi da antibodi, sai ya toshe masa baki. Rini ya ɓace, aikinka gaskiya ne. Bai ɓace ba, to tarkace kawai antibodinka ke kamawa, hoton banza kake ta ɗauka. Gwajin kwana biyu ne kacal. Amma Dakta, da kullum ke cika wa ɗalibai kunne cewa mai ilimi ba ya gudun gaskiya, ko firizar aka buɗe sai gabansa ya faɗi.

Gwaggo ce ta tono kwalbar ranar wankin firiza. Ita ke kula da ɗakin gwajin tun kafin a ɗauke shi aiki, ba ta kuwa neman izinin kowa. Ta yi gwajin da kanta, ranar Alhamis ta leƙo ofishinsa.

"Dakta, zo ka ga 'ya'yanka."

Gilashi biyu ta ajiye gefen madubin ƙara girma. Ya leƙa na farko, ruwan ƙasa raɗau. Ya leƙa na biyu, mai feftayid. Ruwan ƙasa raɗau, har ya so ya fi na farkon kyau, don wulaƙanci.

Ya goge tabarau, ya sake leƙawa. Wai ko tabarau ne da laifi! Kunya ta kama shi.

"Gwaggo, wata takwas fa. Ƙila feftayid ɗin ya lalace."

"Ƙila," in ji ta. "A daskare dai na same shi, da hatiminsa." Ta buɗe littafin gwaji, ta cire murfin biro. "Ba wanda ya gani sai ni da kai. In rubuta ya lalace?"

Da ya ce e, shi ke nan, takardar bincikensa ta tafi mujalla ranar Litinin, wasu kuma su ɓata nasu shekarun suna bin tsatsarsa. Ya daɗe yana kallon bakin biron.

"Rubuta rini bai ɓace ba."

Ta rubuta, ta sa kwanan wata, ta miƙa hannu za ta kashe fitilar madubin.

"Bar ta tukuna," ya ce. "Bari in ƙara kallo. Wallahi yana da kyau."