Dutsen Guga a Kan Tebur

"Taɓa shi, Malam," in ji ma'aikaciyar asibitin. "Ba a jona shi da wuta ba."

Tela ya harari dutsen gugar da ta ajiye a gabansa, zuciyarsa na tafasa. Wata goma sha ɗaya yana tsare lokacin yaƙi, kuma da irin wannan dutse aka riƙa ƙona masa baya. Yau ga wata da ba ta kai ƙanwarsa ba, wai a zama shida za ta raba shi da tsoro.

"Ke an taɓa goge ki?"

"Ba a taɓa ba. Daga ɗaya zuwa goma, tsoron ya kai nawa?"

"Dubu!"

Ta rubuta goma abinta. Ta ce in ya koma shago ya sa dutse a gabansa, ya zauna har tsoron ya sauka da kansa, don kowane gudu ƙara masa ƙarfi yake yi. Ya fita ya bugo mata ƙofa.

A shago ya tarar da matarsa tana ninke riguna biyu, iyakar ɗinkin da ya rage musu ke nan. Masu kawo aiki sun watse ɗaya bayan ɗaya. Wa zai karɓi sabuwar riga a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin akuya?

"Ina dutsen gugar nan?"

"Wane dutse, Maigida?"

"Kar ki mai da ni yaro!"

Ta sunkuyar da kai. "Yana gidan yayata tun bara. Ba na so ka gan shi."

Nan ransa ya ƙara ɓaci, fiye da na asibiti. Ashe shekara guda ana lallaɓa shi kamar ƙwai, ana rage murya in ya shigo, ana ɓoye masa kayan sana'arsa.

"Su sun ƙona ni, ku kun lulluɓe ni! Je ki ɗauko."

Ta kawo, ta ajiye a kan teburin yanka. Ya zauna yana kallonsa, gumi na bin wuyansa. Ya ce ta riƙa tambayarsa lamba.

"Nawa?"

"Goma."

Can ta sake tambaya.

"Tara."

Ta kasa jurewa, ta miƙa hannu za ta ɗauke. Ya riƙe mata wuyan hannu.

"Bar shi. Gobe ki zo da wayar jona shi da wuta."